Shin Koyon Kiɗa Yana Ƙara wa Yaro Kaifin Ƙwaƙwalwa?

"Malam, ina da ɗa ɗan shekara bakwai, kuma lissafi yana ba shi wahala a makaranta. Na sha karantawa a intanet cewa yaran da ke koyon kaɗa kayan kiɗa sun fi sauran yara kaifin ƙwaƙwalwa, har wasu na cewa idan yaro ya wuce shekara bakwai bai fara ba, ya makara. Mahaifinsa yana ganin ɓata lokaci ne, gara a ƙara masa darasin lissafi. Shi kuwa yaron duk abin da ya samu sai ya kama kaɗawa, tebur ne ko bokiti. Mene ne gaskiyar maganar, kuma da wane abin kiɗa ya kamata ya fara?"

Malama, idan na fahimce ki, abu uku kike son sani: ko koyon kiɗa yana canja ƙwaƙwalwar yaro da gaske, ko wannan canjin zai taimaka masa a lissafi, sannan ko shekara bakwai wata iyaka ce da idan aka tsallake ta an yi asara. Na shafe shekaru masu yawa ina koya wa yara fiyano da sarewa, kafin nan kuma na yi karatu a kan yadda yara ke koyo, saboda haka zan haɗa miki abin da bincike ya nuna da abin da nake gani a ɗakin darasi. Ƙwaƙwalwa tana canjawa, wannan babu shakka a cikinsa. Batun lissafi kuwa hujjarsa ba ta kai yadda ake yayatawa ba, kuma a nan mahaifin yaron yana da tasa gaskiyar. Ɗanki kuma bai makara ba.

Inda maganar ta samo asali

Yawancin abin da kika karanta jikan wani ƙaramin bincike ne da mujallar Nature ta buga a 1993. Frances Rauscher da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine sun sa ɗaliban jami'a 36 sun saurari kiɗan fiyano na Mozart, wani shahararren mai tsara kiɗa na Turai, na minti 10, sannan suka ba su gwajin iya juya siffofi a zuci, irin wanda ake nuna wa mutum takarda a ninke an yanke ta, a ce ya faɗi kamannin da za ta yi idan aka buɗe ta. Ɗaliban sun ɗan fi ƙoƙari bayan sauraron kiɗan a kan bayan zaman shiru, amma kafin a yi minti 15 fifikon ya gushe. Manya aka gwada, saurare kawai suka yi, kuma fanni guda na tunani aka auna. Duk da haka jaridu suka ɗauki labarin suka ƙara masa gishiri, har a 1998 gwamnan jihar Jojiya ta Amurka, Zell Miller, ya nemi a ware dala 105,000 a kasafin kuɗi domin a ba kowane jaririn da aka haifa a jihar faifan kiɗa. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa duk abin da ya wartsakar da mutum ya faranta masa rai, ko da labari ne aka karanta masa, yakan ɗan ɗaga ƙoƙarinsa na ɗan lokaci kamar haka. Saboda haka mu ajiye batun saurare a gefe, mu koma kan yaron da ke kaɗawa da hannunsa, domin a nan ne ainihin maganar take.

Abin da kaɗawa ke nema daga ƙwaƙwalwa

Zan so ki ga yaro a makonsa na farko na haɗa hannu biyu a kan fiyano. Ina da wani ɗan shekara takwas da ya iya ɗan gajeren kari da hannun dama babu kuskure, ya kuma iya rakiyarsa da hannun hagu, amma da na ce ya haɗa su, sai hannun hagu ya riƙa bin na dama kamar an ɗaure su da igiya. Ya fito da harshe, kafaɗunsa sun ɗage har kusa da kunne, yana danna maɓalli ɗaya ya tsaya ya duba ɗayan hannun. Bayan mako uku na gwaji kullum, wata rana hannayen suka rabu, kowanne yana nasa aikin, shi kansa ya juyo ya dube ni da mamaki. A cikin wannan ɗan aikin ido yana karanta alama, ɓangaren da ke sarrafa motsi yana aika wa yatsu goma umarni daban-daban, kunne yana auna sautin da ya fito da wanda ake nufi, sannan a gyara motsi na gaba kafin a yi ƙiftawar ido. Ayyukan da yaro ke yi da ke haɗa ji da gani da motsi da ƙidayar lokaci a tare kamar haka ba su da yawa.

Ƙwaƙwalwa kuwa tana sake fasalinta gwargwadon aikin da ake yawan ba ta. Hanyoyin jijiya da ake bi kullum suna ƙara ƙarfi, kuma kitsen da ke lulluɓe su yana ƙara kauri, sai saƙo ya riƙa wucewa da sauri. A 1995 an buga bincike biyu daga Jamus da suka nuna alamar wannan a jikin makaɗa. Gottfried Schlaug ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar ƙwararrun makaɗa da na'urar MRI, ya tarar gaban gadar jijiyoyin da ta haɗa ɓangaren dama da na hagu ya fi girma a wurinsu, musamman waɗanda suka fara kafin shekara bakwai. Thomas Elbert da abokan aikinsa kuma suka auna masu kaɗa kayan tsirkiya irin su gogen Turawa da jita, suka ga wurin da ke karɓar saƙo daga yatsun hannun hagu, wato masu danna tsirkiya, ya fi faɗi a ƙwaƙwalwarsu, alhali na hannun dama bai bambanta da na sauran mutane ba. Wannan bambancin na hagu da dama yana da muhimmanci, domin yana nuna cewa canjin yana bin inda aka sha aiki ne.

Sai dai mai tunani zai tambaya ko waɗannan mutanen an haife su da irin wannan ƙwaƙwalwar ne, shi ya sa suka zama makaɗa. Domin amsa wannan sai an bi yara tun kafin su fara. Krista Hyde da abokan aikinta a Boston sun yi haka, suka buga sakamakon a 2009. Sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yara 31 'yan kimanin shekara shida, 15 daga cikinsu suna zuwa darasin fiyano na rabin awa a mako, sauran 16 ba sa zuwa. Da farko ba a ga bambanci a tsakaninsu ba, amma bayan wata 15 masu darasin sun nuna canji a wurin sarrafa yatsu, da wurin ji, da waccan gadar ta tsakiya, kuma canjin ya tafi daidai da yadda suka ƙware a motsa yatsu da bambance kari. A Suwidin ma, masu bincike a Cibiyar Karolinska sun samo tagwaye masu kama ɗaya waɗanda ɗaya ya daɗe yana kaɗa fiyano ɗayan bai yi ba, suka ga bambanci a ƙwaƙwalwarsu duk da cewa gadon halittarsu ɗaya ne.

Ina so ki riƙe wani abu a nan, domin masu tallan darussa ba sa faɗinsa. Canjin ƙwaƙwalwa ba kiɗa kaɗai ke kawo shi ba. A 2004 an koya wa wasu manya a Regensburg ta Jamus wasan jefa ƙwallo uku sama ana caɓewa, bayan wata uku aka ga wani sashe na ƙwaƙwalwarsu mai lura da motsi ya ƙaru, da suka daina kuma ya fara komawa. Duk abin da mutum ya koya sai ya bar sawu a ƙwaƙwalwarsa. Saboda haka idan aka nuna miki hoton ƙwaƙwalwa mai launuka aka ce ga amfanin kiɗa, abin tambaya shi ne me yaron ya iya yi yanzu wanda da bai iya ba, ban da kiɗan kansa.

Lissafi da basira

Gaskiya ne cewa idan aka tara yaran da ke zuwa darasin kiɗa aka kwatanta su da sauran, yawanci sukan fi maki a makaranta. Amma su wane ne ke zuwa darasin kiɗa? Galibi 'ya'yan iyayen da suka yi karatu ne, masu halin biyan malami da sayen kayan kiɗa, kuma yaran da ke daɗewa a ciki su ne masu haƙuri da son sanin sabon abu, waɗanda dama za su yi ƙoƙari a aji. Wani babban binciken tagwaye kimanin 10,500 da aka yi a Suwidin, aka buga a 2014, ya nuna cewa hatta son zama a yi ta gwajin kiɗa yana da rabo mai yawa na gado. Hanyar da za a raba wannan sarƙaƙiyar ita ce a jefa ƙuri'a, a raba yara rukuni-rukuni ba tare da zaɓin iyaye ba.

Glenn Schellenberg ya yi haka a Toronto ta Kanada, ya buga a 2004. Ya raba yara 144 'yan shekara shida gida huɗu: masu koyon fiyano, masu koyon waƙa, masu wasan kwaikwayo, da waɗanda ba a ba su komai ba. Bayan mako 36 dukkansu makin gwajin basirarsu ya hau, kamar yadda yake hawa ga duk yaron da ya shiga makaranta, sai dai na masu kiɗa da waƙa ya hau da kimanin maki 7, na sauran da maki 4 da ɗoriya. Tazarar ba ta kai maki 3 ba, abin da malamin aji ba zai iya lura da shi ba. A fannin zama da mutane kuwa masu wasan kwaikwayo ne suka fi samun ci gaba. Kafin wannan, Eugenia Costa-Giomi ta bi yara a Montreal na shekara uku suna darasin fiyano, ta ga sun ɗan yi gaba a wasu gwaje-gwajen tunani a shekarun farko, amma a ƙarshen shekara ta uku waɗanda ba su yi darasin ba sun kamo su. Su ma yaran Boston da ƙwaƙwalwarsu ta canja ba su fi takwarorinsu yawan kalmomi ko iya harhaɗa siffofi ba. A 2020 Giovanni Sala da Fernand Gobet suka tattara bincike 54 da ya shafi yara kusan 7,000, suka tarar cewa duk lokacin da aka tsara binciken da kyau, wato aka jefa ƙuri'a kuma aka ba rukunin kwatanci wani aikin kirki su ma, amfanin kiɗa ga basira da makin makaranta yakan ragu ya kusa zama babu. Akwai masanan da suka sake nazarin alƙaluman suka ce akwai ɗan amfani, kuma muhawarar tana ci gaba, amma ko su ƙarami suke kiransa.

Ana yawan cewa kiɗa lissafi ne, tunda ana raba bugu gida biyu ko huɗu. Na sha koya wa yaran da ke raba bugu daidai a jikinsu, amma idan aka rubuta musu rabi da kwata a takarda sai su daskare. Ƙwarewa takan tsaya kusa da inda aka koye ta, ba ta cika ƙaura zuwa wani fanni mai nisa ba, kuma haka abin yake a wasan dara na ces da wasannin horar da ƙwaƙwalwa na waya, waɗanda su ma an yi musu irin wannan kirari.

Inda hujjar ta fi ƙarfi

Fannin da ya fi kusa da kiɗa shi ne jin magana, domin kunne ɗaya da hanyoyin jijiya masu yawa ne ke aikin biyun. Nina Kraus ta Jami'ar Northwestern ta bi yaran unguwannin marasa galihu a Los Angeles da ke wani shirin koyon kiɗa kyauta, ta auna yadda ƙwaƙwalwarsu ke bambance gaɓoɓi masu kama da juna irin su "ba" da "ga". Waɗanda suka yi shekara biyu sun nuna ci gaba, waɗanda suka yi shekara ɗaya ba su nuna ba. A Beijing kuma an raba yara 74 'yan shekara huɗu zuwa biyar, wasu suka yi wata shida suna fiyano sau uku a mako, wasu ƙarin karatu, wasu ba komai. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna masu fiyano sun fi iya bambance kalmomin da baƙi ɗaya ya raba su, ƙwaƙwalwarsu kuma ta fi saurin lura da hawa da saukar murya, amma a gwajin basira da mai da hankali duk rukunan daidai suke. Wannan ya shafi duk harshen da karin sauti ke canja ma'ana a cikinsa, kamar yadda karin murya kaɗai ya raba kukan da yaro ke yi da kukar da ke tsaye a daji. A Italiya ma an gwada yaran da ke da matsalar karatu ta haihuwa, aka ba wasu darasin kiɗa mai ƙarfafa bugu, wasu zane, sai masu kiɗan suka fi samun ci gaba a rarrabe sautukan kalma. Yaran da aka gwada a waɗannan binciken ba su da yawa, don haka ina ɗaukar sakamakon a matsayin alama mai kyau da ke buƙatar ƙarin tabbaci.

Akwai kuma batun hali. Ƙasar Benezuwela tana da shirin ƙungiyoyin kiɗa na yara mai suna El Sistema, wanda José Antonio Abreu ya kafa a 1975. An yi gwajin ƙuri'a da yara 2,914 a cibiyoyinsa 16, kuma bayan shekara guda waɗanda suka shiga sun fi iya kame kansu, rigimarsu ta ragu, musamman yara maza da suka taso cikin tashin hankali. A gwajin basira ba a ga bambanci ba. Wannan ya yi daidai da abin da nake gani: yaron da ke kaɗawa cikin rukuni dole ya jira lokacinsa, ya saurari na kusa da shi, ya yi kuskure a gaban mutane ya ci gaba ba tare da ya fashe da kuka ba.

Shekara bakwai

Asalin wannan adadin shi ne binciken Schlaug da na ambata, da wani da aka yi a Montreal a 2013 wanda ya kwatanta makaɗan da suka yi shekarun horo iri ɗaya, ya ga waɗanda suka fara kafin shekara bakwai sun fi daidaita motsi da bugu, gadar ƙwaƙwalwarsu kuma ta bambanta. Ƙwararrun makaɗa ake kwatantawa da junansu a nan, kuma tazarar ta fi damun mai burin zama gwani na duniya. Ƙofar koyo ba ta rufewa. Alvaro Pascual-Leone ya sa manyan da ba su taɓa kaɗa fiyano ba suka yi atisayen yatsu biyar na awa biyu kullum, cikin kwana biyar kacal wurin sarrafa yatsun ya faɗaɗa a ƙwaƙwalwarsu. A nawa aikin, 'yan shekara bakwai zuwa tara sukan fi 'yan shekara huɗu saurin ci gaba a shekarar farko, saboda sun iya karatu, hannunsu ya yi ƙwari, kuma suna iya zama wuri ɗaya na rabin awa.

Abin da zan ba ki shawara

Game da lissafi, a nemi inda matsalar take kai tsaye. Ki zauna da malaminsa ku gano ko ƙidaya ce, ko gurbin lambobi, ko karanta tambayar ce ke ba shi wuya, domin kowanne maganinsa daban. Idan an yi wata da watanni ana taimaka masa amma har yanzu yana kasa gane wace lamba ta fi wata girma, a kai shi wurin masanin matsalolin koyo, domin akwai yara 'yan kashi kaɗan cikin ɗari da ke da matsalar fahimtar lambobi ta musamman. Ban ga ɗanki ba, kuma ni ba likita ba ne, saboda haka wannan hukuncin na wanda ya gwada shi ne.

Kiɗan kuma a bar shi ya koya saboda yana so, wanda kaɗa tebur da bokitin nan ya riga ya nuna. Ina roƙon kada a ɗaura shi da makin lissafi. Na taɓa koyar da wata yarinya mai kunne sosai, wadda mahaifinta ke zuwa da takardar sakamakonta duk ƙarshen zango ya ajiye mini a kan fiyano, yana tambaya ina amfanin kuɗinsa. Cikin shekara guda ta fara zuwa darasi fuska a ɗaure, tana kaɗawa tana satar kallon ƙofa, daga baya ta daina gaba ɗaya, lissafin kuma yana nan inda yake.

Babu hujjar da ta nuna wani abin kiɗa ya fi wani gina ƙwaƙwalwa. Fiyano ya yi yawa a bincike ne saboda yana da sauƙin koyarwa da aunawa, kuma yana da falalar cewa da an danna maɓalli sauti mai kyau zai fito. Goge yana horar da kunne ƙwarai, tunda yaro ne ke neman sautin da yatsansa, amma watannin farko suna buƙatar haƙurin duk mutanen gida. Sarewa ba ta da nauyi kuma tana koyar da sarrafa numfashi. Ga yaron da ya riga ya kama kaɗa abubuwa, ganga zaɓi ne mai kyau, kuma kada a raina ta, domin riƙe bugu na daga cikin abubuwan da aka fi alaƙantawa da iya rarrabe sautukan magana. Idan da hali, a bar shi ya taɓa biyu ko uku ya zaɓa da kansa. Malamin da yaro ke ɗokin zuwa wurinsa ya fi abin kiɗan kansa tasiri a kan ko zai daɗe, kuma kamar yadda binciken Los Angeles ya nuna, shekaru ake ƙirgawa a wannan harkar.

A shekarunsa minti 10 zuwa 15 na gwaji kullum ya fi awa biyu a rana ɗaya amfani, saboda ƙwaƙwalwa tana kafa abin da hannu ya koya a lokacin barci, don haka kowane dare tsakanin gwaji da gwaji yana cikin aikin. A sa masa lokaci tsayayye, ki zauna kusa a watannin farko ko da ba ki san komai a kiɗan ba, kuma ki sa ran wani lokaci, yawanci bayan ɗokin farko ya wuce, da zai ce ya gaji. Nakan ce wa iyaye a yi yarjejeniya da yaro cewa zai kai ƙarshen zango kafin a yanke shawarar dainawa ko canja abin kiɗa.

Idan ganga ya zaɓa, a kula da kunnensa tun ranar farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada yara su wuce awa 40 a mako a ƙarar da ta kai desibel 75 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokacin da rabi. Jerin ganguna da farantan ƙarfe da ake bugawa tare da su a ƙaramin ɗaki yakan haura desibel 100, inda 'yan mintoci suka isa su yi lahani, kuma ƙwayoyin cikin kunne da suka lalace ba sa sake tsirowa. A saya masa abin toshe kunne na makaɗa, wanda ke rage ƙara ba tare da ya dusashe sauti ba, ya riƙa gwajin gida a kan faifan roba, kuma idan ya ce kunnensa yana ƙara bayan darasi, a gaya wa malamin a rage ƙarar kafin zama na gaba.